Wa Ya Ƙirga Ƙwallayen Mai Lamba Tara?

Ranar sadakar uku, bayan malamai sun shafa fatiha an raba goro da waina, jama'a suka watse, muka rage mu tsofaffin abokan marigayin a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a ƙofar gidan. Hira ta fara da haƙurinsa da jinyar da ya sha, sannan a hankali ta gangara inda kowa ya san za ta je, wato filin ƙwallo. Wani ya tuno ƙwallon da ya ci a wasan ƙarshe na gasar babban hutu, wadda ta sa unguwarmu ta kwana ido biyu. Ya ce da kai ya ci ta. Wanda ya yi shekaru yana buga masa ta gefen dama ya girgiza kai ya ce, "Wallahi da hagu ce, ai ni na miƙa masa ita." Na uku ya ce shekarar ma da ake faɗi ba ita ba ce, don a lokacin shi yana Abijan wajen biɗa, kuma ya tabbata da idonsa ya ga wasan. Muka yi ta ja, kowa na rantsuwa, kuma babu maƙaryaci a cikinmu.

Babban ɗansa, yaro ɗan shekara goma sha biyar, yana gefe yana dafa mana shayi, kunnensa na wajenmu. Da na tashi zan tafi ya rako ni har bakin hanya, ya ce, "Kawu, da gaske ne Baba ya iya ƙwallo haka, ko don ya rasu ne ake faɗi?"

Na ce masa da gaske ne. Amma na san abin da yake nema ba rantsuwata ba ce. Yana son a nuna masa wani abu, ni kuwa ba ni da abin nunawa. A duk gidan hoto ɗaya ne ya rage, ya koɗe har ba a gane launin rigar, mutum goma sha ɗaya sun jeru, biyar a tsugune, ba a rubuta komai a bayansa ba. Mutumin da ya yi sama da shekara goma yana tayar da jama'ar Tawa tsaye, wannan hoton ne kaɗai shaidarsa.

Ba zan faɗi sunansa ba, don iyalinsa ba su nemi a kai su bainar jama'a ba. Mu dai mai lamba tara muke ce masa. Gajere ne, ƙafafunsa da ɗan gwame, ba ya cikin masu gudun tsiya, kuma in ka gan shi a bakin garejin da yake gyaran babura ba za ka ce ɗan ƙwallo ba ne. Baiwarsa ita ce sanin inda ƙwallo za ta faɗo tun ba ta baro ƙafar mai bugowa ba. Duk wanda ya taɓa wasa a filayenmu na Adar ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne: ƙasa ja mai tsakuwa, nan yashi can fako, ƙwallo ta dira ta canza hanya yadda ta ga dama, ga iskar hunturu tana kaɗa ƙura a ido. Shi kam kamar sun yi shawara da filin. Sai a yi minti ashirin ba a ji ɗuriyarsa ba, ƴan baya su saki jiki, kafin su farga raga ta motsa.

Amma ba don wannan kaɗai aka so shi ba. Ranar wasa a babban fili, yara marasa kuɗin shiga sukan taru a bakin ƙofa. Yakan raba kayansa kashi-kashi: wannan ya riƙe jaka, wancan takalmi ɗaya, wani ɗayan takalmin, wani gorar ruwa, ya tasa su gaba ya ce wa mai gadi duk ƴan rakiyarsa ne. Ƙanena yana cikin waɗanda suka sha shiga da takalmi ɗaya a hannu. Yau magidanci ne mai ƴaƴa huɗu, kuma ranar jana'iza na ga yana kuka irin wanda bai yi wa wasu danginmu ba.

Ya taɓa zuwa Yamai gwaji a wata babbar ƙungiya, ya yi ƴan watanni ya dawo. Daga baya gwiwa ta samu matsala a wani wasa da ba a ko biyan kuɗin mota. Aka kai shi wajen mai ɗori, aka tara masa abin da ya samu a unguwa, ƙwallo ta ƙare daga nan. Sauran rayuwarsa ya yi ta tsakanin gareji da kabu-kabu, yana ɗingishi kaɗan, yana koya wa yara yadda ake tarar ƙwallo da ƙirji duk yammacin da ya samu sarari.

Abin da ya hana ni barci tun ranar nan shi ne wannan: a fadar da ke bayan gidana, duk yaron da ka tambaya zai gaya maka Messi ya ci ƙwallo 91 a shekarar 2012. Ba ya ko tsayawa tunani. Yaron bai taɓa zuwa Sifaniya ba, wani ma lokacin yana goye. Ya san adadin ne don akwai wanda ya zauna ya ƙirga, ya rubuta, ya adana, har ya iso wayar da ke hannunsa. Mukan yi ta faɗa cewa yaranmu sun raina na gida, sun cika gidajen kallo suna ihu don Madrid da Barcelona alhali filinmu na gari babu kowa sai ƴan tsiraru. Ni na daina wannan faɗan. Me muka ba su su riƙe? Ƙauna tana son abin kamawa: suna, shekara, adadi, labari mai kai da gindi. Turawa sun ba su wannan, mu kuwa mun ba su "a zamaninmu akwai wani".

Kada a ce wai mu Hausawa ba mu iya riƙe gwarzo ba ne. Kokowa ta ƙaryata wannan. A nan Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, Kantu na Maraɗi ya zama sarki. Shekara hamsin ke nan, amma ka shiga kowace kasuwar ƙauye ka ambaci Kantu ka ga ko za a tambaye ka wane ne. Filin kokowar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, namu na nan sunan Hamidin Mai Dare. Yaron da aka haifa jiya ya san Issaka Issaka, kuma ta bakin Issaka ake kai shi ga na da. Dalili kuwa a fili yake. Kokowa tana da makaɗi da ke bin ɗan kokowa yana jera waɗanda ya kayar, tana da kirari, tana da masu sharhi a rediyo da harsunanmu waɗanda kowace shekara sai sun maimaita jerin waɗanda suka ɗauki takobin sarautar kokowa. Makaɗi shi ne littafin kokowa. Ƙwallo ta zo mana daga hannun Turawa da tsarinta na takarda da alƙalami, sai muka karɓi wasan muka bar takardar, kuma ba mu yi mata makaɗi ba. Ta faɗa tsakani, ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko.

Kwanakin baya wani ɗalibina na da, mai bin ƙwallon Ingila har ƙananan rukunoni, ya ba ni labarin wani ɗan wasa da ya sa na ƙara jin ciwon abin. Sunansa Adam Stansfield. Bai taɓa buga Firimiya ba. Sai da ya kai shekara 23 kafin ƙwallo ta zama sana'arsa, ya yi Yeovil, ya yi Hereford, a 2006 ya koma Exeter City, ƙungiyar wani gari a kudu maso yammacin Ingila wadda a lokacin ma tana rukuni na biyar. Da shi suka hau rukuni na huɗu a 2008, suka hau na uku a 2009. Ba yawan ƙwallaye ne ya sa aka so shi ba, gudu ne da rashin gajiya da yadda yake bin ƙwallon da kowa ya fid da rai da ita. A 2010 aka gano yana da sankarar hanji, ya rasu ranar 10 ga Agusta na shekarar yana da shekara 31.

Dubi abin da mutanen garin suka yi. Suka ajiye riga mai lamba 9 har shekara tara ba wanda ya saka. Aka kafa gidauniya da sunansa don taimakon ƙwallon yara. Da aka gina sabuwar rumfar ƴan kallo a filinsu a 2018, sunansa aka sa mata. Ya bar yara ƙanana, babbansu Jay yana da shekara bakwai. A 2022 wannan yaron ya zo Exeter aro daga Fulham, aka ɗauko riga mai lamba 9 aka ba shi, ya shiga fili a gaban rumfar da ke ɗauke da sunan mahaifinsa. Shi ba sai ya tare wani a bakin hanya ya tambaya ko da gaske ne babansa ya iya ƙwallo ba.

Akwai abu ɗaya a labarin Exeter da nake ganin shi ne gindin maganar. Tun 2003 ƙungiyar mallakar magoya bayanta ce, su suka ceto ta lokacin da bashi ya kusa kashe ta. Wanda ya sa kuɗinsa da guminsa a abu, shi ke tuna waɗanda suka yi masa hidima. Mu kuwa dubi ƙungiyoyin da suka yi tashe a rukunin farko na ƙwallon Nijar: ASFAN ta sojoji, AS GNN ta ƴan garda, USGN ta jandarmomi, AS Police ta ƴan sanda, AS Douanes ta duwan, Nigelec ta kamfanin lantarki, Sonidep ta kamfanin man fetur, dukansu a Yamai. Ba na zarginsu. Su ne ke iya biyan albashi da kuɗin mota, wasunsu sun ba ƴan wasa aikin yi bayan ƙwallo, kuma sun ɗaga sunan ƙasa: ASFAN ta kai matakin rukuni na kofin Confederation na ƙungiyoyin Afirka a 2010, USGN ma ta kai bayan shekara goma sha ɗaya. Amma ma'aikata ba unguwa ba ce. Ba a haifar mutum a duwan, ba a binne kakansa a kamfanin lantarki. Ƙungiyoyin da ke da jama'a ta jini da tsoka su ne irin su Sahel da Olympic da Zumunta a Yamai, Ɗan Kasawa a Maraɗi, Espoir a Damagaram, Akokana da Urana a Arlit, da namu na nan Tawa, sai ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin unguwa da na ƙauye da ke ƙasa da su. Waɗannan na ƙasan su ne suka fi kowa masoya, su ne kuma suka fi kowa talauci, yau a kafa gobe a rushe, a canza suna in mai ɗaukar nauyi ya canza. In ƙungiya ta mutu, tarihinta ya bi ta kabari, don dama a kan shugabanta yake, ko a wata leda a ƙarƙashin gadonsa.

Ga kuma wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk damina, in an rufe lakwal, unguwanni kan cika da gasar babban hutu, wadda kowa ke kira TGV. Nan ne ƙwallon ƙasar nan take da rai na gaskiya, nan ake ganin mata da tsofaffi a bakin fili. Amma sunan wa ake sa wa kofi? Na mai neman kujera, ko na attajirin da ya sayi riguna. In zaɓe ya wuce kofin ya ɓace, baɗi a zo da sabon suna. Ban ƙi a gode wa mai bayarwa ba, wanda ya ciyar ya cancanci godiya, a rubuta sunansa a allo da manyan baƙaƙe a yi masa addu'a. Amma me zai rage masa in kofin kansa ya ɗauki sunan tsohon ɗan wasan unguwar, ya zauna da sunan shekara da shekaru? Ai darajarsa ma ƙaruwa za ta yi.

Na faɗi wannan a wani zama, wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini, "Malam, mamaci addu'a yake so, ba suna ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ban musa masa ba. Mai lamba tara ya tafi inda ƙwallo ba ta da amfani, abin da zai ishe shi can shi ne aikinsa da addu'armu, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Ba gunki nake nema a kafa masa ba, addininmu bai yarda ba, ni ma ban so. Rubutun da nake magana na masu rai ne. Na ɗansa ne, da na yaron da ke buga ƙwallon tsumma a lungu yana zaton ba a taɓa yin wani abin kirki a garinsu ba. Mu da muka gaji al'adar adana sunayen malamai da salsalar wanda ya karantar da wane, bai kamata a ce rubuta tarihin mutanenmu ya zama baƙon abu a wurinmu ba.

Wasu kuma za su ce ƙasa na fama da rashin tsaro da tsadar hatsi, wa ke ta ƙwallon unguwa? Na san halin da ake ciki, a cikin jiharmu nake, ina jin labarin da ke zuwa daga arewa da yamma. Amma daidai wannan halin ne ya sa nake ganin filin unguwa ba wasa ba ne. Yankinmu ya yi suna wajen tafiya biɗa, samari na kama hanyar Abijan da Libiya da Aljeriya da zarar an gama girbi. Wanda ya rage a gida, in ba shi da abin da zai sa shi jin cewa shi wani ne a garinsu, akwai masu jiransa da ƙwaya, akwai masu jiransa da abin da ya fi ƙwaya muni. Mai lamba tara ya riƙe yara da yawa a bakin fili ba tare da an ba shi ko dala ba. Kuma abin da nake roƙo ba ya cin kuɗin buhun gero.

Sannan mu tuna daga ina manyan suke fitowa. A watan Oktoba na 2010 Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, ta doke Masar da ci ɗaya a filin Seyni Kountché, Masar da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere. Moussa Maazou ne ya ci, yaron da ya taso a Yamai ya bi ta ASFAN kafin Turai. Wannan nasarar ce ta buɗe hanyar zuwanmu kofin Afirka na farko a 2012 a ƙarƙashin Harouna Doula, muka sake komawa a 2013. A 2017 yaranmu ƴan ƙasa da shekara 17 suka je kofin duniya a Indiya har suka tsallake rukuni. A farkon 2023 ƴan wasanmu na gida suka kai wasan kusa da na ƙarshe na CHAN, gasar Afirka ta masu bugawa a ƙasashensu, a Aljeriya. Duk wanda ya sa rigar Mena a cikin waɗannan, a filin ƙura ya fara, kuma akwai wani babban yaya da ya kalla ya ce ina son in zama kamar wane. Wanen nan, sau da yawa, bai taɓa wuce gasar jiha ba. Ana ganin wuyan biri a ɗaure shi a ƙugu. Mu muna yabon reshe muna mance saiwa.

To me nake so a yi? Kowane wasa na hukuma akwai takardar da alƙalin wasa ke cikewa, da sunayen ƴan wasa da sakamako. Ina roƙon hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, da rassanta na jihohi su mai da adana waɗannan takardu wajibi har a ƙaramin rukuni, a riƙa rubuta wanda ya ci kowace ƙwallo, a ɗauki hotonsu a ajiye inda kowa zai iya gani a intanet. Wayar da ke aljihun kowane sakatare ta isa wannan aikin. Masu shirya TGV su ma su sayi littafin rubutu guda, irin na ƴan lakwal, ya riƙa wucewa daga hannun kwamiti zuwa kwamiti. Gidajen rediyonmu masu zaman kansu, da ke ba da sa'o'i ga sharhin wasannin Turai, su ware ko rabin sa'a a mako su kira tsohon ɗan wasa ya zauna ya ba da labari da bakinsa tun yana da rai. Wannan na ƙarshen ya fi komai gaggawa, don waɗanda suka buga a shekarun 1970 da 1980 suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowane kuma da nasa littafin yake tafiya.

Akwai kuma maganar rauni, wadda ita kaɗai ta isa rubutu guda. A taƙaice, duk gasar da ake karɓar kuɗin shiga ko kuɗin rajista, ya kamata a cire wani abu a ajiye don wanda ya karye. Da an yi haka a zamaninsa, da wataƙila likita ya ga gwiwar nan.

Ban tsaya jiran kowa ba. Bayan sadakar arba'in muka zauna mu shida, muka sayi littafi, ɗan marigayin ne ke riƙe da alƙalami don rubutunsa ya fi namu kyau. Muna bin tsofaffin ƴan wasa gida-gida, muna ɗaukar muryarsu a waya, shi yana rubutawa. Mun riga mun gane mutum tara cikin goma sha ɗayan da ke hoton nan, huɗu sun riga mu gidan gaskiya. Wata tsohuwa da ke sayar da ƙosai a bakin fili tun muna yara ta ba mu abin da duk mazan suka manta, ta ce shekarar wasan ƙarshen ita ce shekarar da ta haifi autarta, aka ɗauko takardar haihuwa aka duba, magana ta ƙare. Wanda ya ce yana Abijan ya yarda shi ne ya rikice.

Saura batun kai ko hagu. An ce mana golan da aka ci ƙwallon yana nan da rai a Birnin Ƙonni, yana sayar da kayan masarufi kusa da tasha. Ranar Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga motar safe ni da yaron mu je mu tambaye shi.